Gidan da Aka Ɓoye Wuƙaƙe

"Ɗauke hannunka daga kansa, Yaya."

"In ban ɗauke ba fa? Dukana za ka yi?"

Auta ya ƙara dafe injin da tafukansa biyu, tsatsa na manne masa a fata. Tsohon injin goge ƙarfe ne na mahaifinsu, mai wili biyu da bel a tsakani. Ya yi shekara da shekaru a rumfar bayan ɗaki, lulluɓe da yagaggen buhu, sai yau da Yaya ya janyo shi tsakar gida. A bakin ƙofa mai sayen tsohon ƙarfe na tsaye da sikelinsa, yana sakace haƙori, yana kallon sama kamar ba da shi ake ba.

"Ƙarfe ne fa," in ji Yaya. "Mataccen ƙarfe. Ɓeraye sun haihu a cikinsa har sun ga jikoki. Kai kuma ka tsaya ka rungume shi."

"Na Baba ne."

"Shi Baban ya san da shi? Je ka tambaye shi. Kai, tambaye shi ma ko ya san sunanka."

Daga ɗakin ƙarshe, wanda aka sa wa sakata ta waje, aka ƙwanƙwasa ƙofa. A hankali, cikin ladabi, irin ƙwanƙwasawar baƙon da ba ya son ya takura wa masu gida. Su biyun suka juya suna kallon ƙofar har aka daina.

Yaya ya sassauta murya. Direban motar kaya ne, jiya ya dawo daga doguwar hanya, idanunsa jawur don rashin barci.

"Saurara, Auta. Na yi magana da mai maganin nan na bayan gari. Ya ce a kai shi. In an kai shi, me za mu yi da tarkacen nan?"

"Wanda ke ɗaure mutane da sarƙa?"

"Wanda ke warkar da mutane."

"Wa ka gani ya dawo?"

"Kai wa ka warkar? Mai gidan hayar nan kullum sai ya tare ni a ƙofa. Matan gidan nan in na shigo sai su janye 'ya'yansu. Ni ake nunawa da baki a layi, ba kai ba. Kai kana shago cikin fankoki, iska na kaɗa ka."

Inna ta fito daga madafa, albasa a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan. Idanunta na zubar da ruwa, ba a san na albasa ba ne ko na wani abu.

"Ku ji kunya," ta ce. "A gaban baƙo. Babba da ƙarami, an rasa mai hankali."

"Inna, ki gaya masa."

"Ba abin da zan gaya wa kowa. Ka bar masa ƙarfen. Cin abinci yake yi ko shan ruwa?"

Yaya ya dube ta, ya dubi ƙaninsa. Ya karkaɗe hannuwansa.

"To. Ka yi wasanka. In na dawo daga tafiyar gaba, maganar mai magani tana nan."

Mai sayen ƙarfe ya saɓa sikelinsa ya tafi yana tsaki. Inna ta koma bakin murhu. Auta na jin ta tana fama da albasar, tana dannawa, tana ja, wuƙar na murƙushe ta maimakon ta yanka.

* * *

Da can, duk unguwar ba wanda ke kiran Baba da sunansa. Mai Washi ake ce masa. Rumfarsa na bakin kasuwa, tsakanin tela da mai gyaran agogo. Dutse ne babba mai juyawa, yana taka shi da ƙafa kamar keken ɗinki, gwangwanin ruwa a gefe. Mahauta, masu aski, teloli, matan gida, kowa da damin ƙarfensa.

Baba ba ya karɓar wuƙa ya yi shiru. Sai ya ɗaga ta saitin rana, ya kanne ido ɗaya, ya ba da labarin gidan da ta fito.

"Wannan baiwar Allah da wuƙar albasa take saran ƙashi. Ka ce mata na gani."

"Wannan kuma maigidan ya mayar da ita sukundireba. Dubi hancinta."

Mutane su yi ta dariya. Auta yana ƙarami a lokacin, in an tashi makaranta nan yake zarcewa, ya zauna a kan bokiti da littafinsa a cinya, ba karatun yake ba. Tartsatsi yake kallo. In ƙarfe ya fara zafi sai Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Auta, ruwa." Ya miƙa gwangwani, a tsoma wuƙa, ta yi ɗan kukanta.

Amma abin da yaran layin ke jira shi ne zare. Baba ba ya mayar da wuƙa ga mai ita sai ta ci jarrabawa. Zai zaro farin zare daga aljihun gaba, ya kira duk yaron da ke kusa, ya sa shi ya riƙe bakin zaren biyu ya miƙe shi a gabansa.

"Riƙe da kyau. Kada ka rufe ido."

Sai ya ɗaga wuƙar sama, tana walƙiya, ya sauke ta a hankali, a hankali, har bakinta ya taɓa zaren. Zaren ya rabu biyu, yaro bai ji an ja shi ba. In ya ji an ja, wuƙa ta koma kan dutse. In bai ji ba, Baba ya damƙa masa alewa. Yara har faɗa suke a kan wa zai riƙe. Iyayensu na tsaye suna murmushi. Auta ya riƙe zaren nan fiye da kowa, Yaya ma ya riƙe a nasa zamanin.

Injin kuwa, Baba ya saye shi ne a hannun wasu masu ƙera ƙofofi da suka rufe shago. A baro ya turo shi gida, gumi na ɗiga daga gemunsa, fuskarsa kamar wanda aka yi wa kyautar doki.

"Wannan na goge walda ne," ya ce. "Amma in ka gama makaranta, ni da kai za mu mayar da shi injin washi. Ƙafata ta gaji da taka dutse."

Auta ya gama makaranta. Sai dai kafin nan Baba ya fara mayar wa tela da wuƙar mahauci, ya ba mahauci almakashi. Ya fara tsayawa a tsakiyar magana yana laluben kalma. Ya ajiye takalminsa cikin randa. Aka rufe rumfa, aka sayar da dutsen. Wata safiya ya fita da aska a hannu, tsirara ba kube, yana bin layi yana tambayar gidan wani wanzami da ya daɗe a kabari, wai zai mayar masa da kayansa. Mata suka watse da ihu. Samari suka kayar da shi a bakin kwata.

Ma'aikaciyar asibiti ta ce ciwon mantuwa ne da ke zuwa wa wasu da tsufa. Ta ce ba hauka ba ne. A zauna da shi, a yi masa hira, a ba shi abin da hannunsa ya saba. Unguwa ba ta ji wannan ba. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce ya taka abin da ba a takawa, wasu suka ce ƙarfe ne ya juya masa kai. Yaya ya sayo sakata. Inna ta tattara duk wani abu mai baki a gidan ta kulle a akwati ƙarƙashin gado. Wuƙa ɗaya ta bari don girki, ita ma sai da ta goga bakinta a dandamalin siminti har ya mutu.

Tun daga nan Baba ya daina kiran Auta. In ya kai masa abinci sai ya ce, "Sannu, yaro. Ɗan gidan wa ne kai?"

* * *

Auta a shagon gyaran fanka da injin ruwa yake aiki. Da yamma in ya taso, sai ya shimfiɗa buhu a bakin rumfar bayan ɗaki, inda ya mayar da injin, ya zauna gabansa. Tagar ɗakin Baba na kallon wurin, ƙarama ce, da sandunan ƙarfe.

Ya kwance komai. Notocin sun ci tsatsa, sai da ya jiƙa su da kananzir suka kwana kafin sifana ta iya da su. Cikin akwatin moto mai juya injin ya tarar da sheƙar ɓera, da ɓawon gyaɗa, da wani guntun fensir da haƙoran Baba suka tattaune. Ya daɗe yana juya fensirin a hannu. Sannan ya soke shi a bayan kunne.

Boris ɗin da wili ke juyawa a kansu sun mutu, ya canza su. Waya ta ƙone a wuri ɗaya, ya kai moton shago ya sake naɗa shi a lokacin cin abinci. Ya kankare wili biyun, ya shafa giris, ya sayo sabon bel na samfefa, mai laushi, na goge ƙarfe. Daga guntun ƙarfen gado ya yanko wata 'yar madogara, ya kai aka yi masa walda, don wuƙa ta riƙa kwanciya a kanta a karkace daidai.

Ran da ya haɗa, aka yi sa'a da wuta. Ya danna makunni. Injin ya yi tari, ya girgiza, sannan ya kama gudu da wata ƙara mai tsini da ta cika gidan. Kaji suka watse. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu ta ɗakin farko, ta leƙo.

"Auta, jirgi za ka ƙera mana?"

"In ya tashi ke zan fara ɗauka."

"Allah ya tsare ni. Ka dai rage mana, yara na barci."

Ya karɓo dakusasshiyar wuƙar Inna ya ɗora a bel. Tartsatsi ya yi feshi. Kafin ya ankara bakin wuƙar ya koma shuɗi, kamar fiffiken ƙuda. Ya ƙone. Ya tsaya yana kallonta, ransa a jagule.

"Gudun ya yi yawa."

Auta ya kashe injin. Ya waiwaya a hankali. Yatsu ne a jikin sandunan taga, da rabin fuska a bayansu.

"Na'am, Baba?"

"Wannan gudun na goge walda ne. Wuƙa ba ta son gaggawa. Ba ka ji kukansa ba? Kuma bel ɗin baki yake tunkara. Juya shi ya riƙa gudun baki."

Muryar ce ta da. Ba lalube, ba rawa.

"To, Baba. Ta yaya zan rage gudun?"

Yatsun suka saki sandunan.

"Yaro, ba ka ga wanzami ya wuce ba?"

Auta ya zauna a ƙasa. Bai san tsawon zaman da ya yi ba. Da ya tashi, wurin Tela ya nufa, tsohon maƙwabcin Baba na kasuwa, wanda yanzu ya dawo da kekensa ƙofar gida saboda ido.

Tela ya saurare shi, ya tura tabarau goshi. Ya shiga ciki ya fito da babban wilin wani mataccen keken ɗinki.

"Ƙarami a jikin moto, babba a jikin inji, fambel, wato igiyar roba, a tsakani. Haka keke yake, sai dai a juye. Ɗauka. Ka ce wa Mai Washi almakasaina duk sun zama na yankan iska tun da ya tashi."

"Ba zai gane ka ba."

"Ni ai na gane shi."

Aikin ya ci kwanaki. Sai da ya matsar da moton gefe, ya kafa shi a kan katako, ya huda wilin Tela ya zauna daidai. Fambel ya yi ta zamewa, ya yi ta ɗaurewa. Ya sauya wayoyi, bel ya koma juyawa baya. Da ya sake kunnawa, ƙarar ta sauka. Ta zama wani gurnani mai sanyi, kamar mage a cinya.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ƙarshe.

Auta ya dubi Inna. Tana zaune bakin murhu, hannunta a haɓa. Ba ta ce buɗe ba, ba ta ce kada ka buɗe ba. Ya je ya zare sakatar.

* * *

Baba ya fito yana kare ido daga rana. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, ƙafafunsa sun yi fari. Bai dubi kowa ba. Kunnensa ya bi har gaban injin, ya zauna a kan bokiti kamar jiya ya tashi daga kai.

Ya shafa katakon. Ya taɓa fambel da yatsa. Ya kai hannu kan 'yar madogarar da Auta ya sha wahalar yi.

"Wa ya ba inji sanda? Gurgu ne?"

"Don wuƙa ta kwanta daidai ne, Baba."

"Hannu fa, aikin me yake? Cire."

Auta ya kwance ta, yana dariya, hanci na yi masa yaji. Baba ya karɓi wuƙar da ta ƙone, ya ɗaga ta saitin rana, ya kanne ido ɗaya.

"Wannan a siminti aka goga ta. Da gangan. Wace marar imani ce?"

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Kafaɗunta na rawa.

Ya ɗora wuƙar. Daga gindi zuwa hanci, sau ɗaya, a hankali, ya juya. Tartsatsin ƙanana ne, jajaye, suna faɗuwa a gabansa kamar ana barbaɗa su. Hannun da ba ya iya ɓalle maɓallin riga, ga shi ko rawa ba ya yi. Shuɗin ya tafi. Farin baki ya fito siriri.

"Auta, ruwa."

Bai waiwayo ba da ya faɗa. Auta ya laluba, babu gwangwani, ya ruga ya ɗebo a kofin shan ruwa, rabi ya zube a hanya. Aka tsoma wuƙa ta yi ɗan kukanta.

Ranar Inna ta janyo akwatin ƙarƙashin gado.

Kwanakin da suka biyo baya su ne Auta ya fi so a duk rayuwarsa. Yana tasowa daga shago zai zare sakata. Tela ya zo da almakasai a cikin leda, ya zauna a tabarma, suka yi ta hirar mutanen kasuwa, rayayyu da matattu, duk Baba a raye yake lissafa su, Tela bai gyara masa ba. Wani tsohon mahauci ya ji labari ya aiko da wuƙaƙensa. Baba ya fara cinye abincinsa. Wani lokaci yakan ce wa Auta yaro, wani lokaci Auta. In an ɗauke wuta sai ya zauna hannu a kan injin yana jira, ba ya neman wanzami.

Yaya ya dawo ya tarar da su haka. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, ya daɗe. Baba ya ɗago.

"Kai, babban banza, ka tsaya kana kallo? Ina wuƙar motarka?"

Yaya ya sa hannu a aljihu kamar wanda aka yi wa dabo, ya miƙa 'yar wuƙarsa mai naɗewa. Da zai shige ɗaki ya tsaya kusa da Auta, ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Ban ce komai ba. Amma idonka a kansa."

Bai sake tayar da maganar mai magani ba. Da ya koma hanya, har ya leƙa ya ce, "Baba, na tafi."

Matan gidan dai ba su saki jiki ba. In injin ya tashi sukan kira 'ya'yansu ciki. Amma yara ba sa jin kira in akwai tartsatsi.

Wata yamma Baba ya gama da babbar wuƙar mahauci, doguwa, mai faɗi. Ya goge ta a cinya. Sai ya shiga laluben aljihun gaba. Ya laluba, ya sake lalubawa, fuskarsa ta fara rikicewa. Auta ya gane. Zuciyarsa ta yi fari. Ya tsinko zare daga ƙwaryar zaren da Tela ya manta a kan tabarma, ya miƙa masa.

Ɗaya daga cikin 'yan biyun na tsugune kusa, mai giɓin haƙori, ta zuba tagumi.

"Zo, 'yar gidana," in ji Baba. "Riƙe nan, riƙe nan. Da kyau. Kada ki rufe ido."

Yarinyar ta miƙe zaren tana dariya. Auta ma murmushi yake. Shi a idonsa ba abin da ke gabansa sai rumfar bakin kasuwa, da ƙamshin jiƙaƙƙen dutse, da alewa. Baba ya ɗaga wuƙar sama. Rana ta haska ta.

A daidai nan Maman 'Yan Biyu ta shigo daga famfo da bokiti a ka.

Ihun da ta yi sai da ya tsaga gidan. Bokitin ya faɗi. Yarinyar ta firgita ta watsa hannu sama, bayan yatsanta ya shafi bakin wuƙar. Ɗan yanka ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Amma jini ya fito, ja, a kan farar rigarta.

"Zai yanka min 'ya! Jama'a! Mahaukacin zai yanka min 'ya!"

"Zare ne!" Auta ke faɗi. "Maman 'Yan Biyu, wallahi zare ne, dubi zaren!"

Ba wanda ya dubi zare. Mutanen gidan yawancinsu baƙi ne a unguwar, ba su san rumfar bakin kasuwa ba. Maza suka shigo daga layi, wani da taɓarya, wani da guntun katako. Baba na tsaye, wuƙa a hannu, yana kallon jinin.

"Ban taɓa ba," yake cewa. "Ban taɓa yankan yaro ba. Ta motsa ne. Me ya sa ta motsa?"

"Yar da wuƙar, tsoho!"

"Ta mutane ce. Ba a yar da ita a ƙasa, baki zai lalace."

Ya ƙara rungume ta a ƙirji. Taɓarya ta tashi. Auta ya faɗa tsakani, ta sauka a kafaɗarsa. Ya zare wuƙar daga yatsun Baba ɗaya bayan ɗaya, ya tura shi ɗaki, ya ja ƙofa. Da hannunsa ya sa sakatar.

Injin na ta gurnani shi kaɗai, har sai da wani ya fizge wayar daga bango.

* * *

Mai gida bai yi doguwar magana ba. Ko tsoho ya bar gidan, ko su duka su bar shi. Samarin layi suka aiko cewa in suka sake ganinsa a waje, kada a zarge su. Tela ya bi gida gida yana bayanin zare, aka ce tsufa ne shi ma ya fara taɓa shi.

Yaya ya dawo washegari. Auta ya shirya wa zagi, har da mari. Yaya bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a bakin rumfa, ya dubi injin, ya dubi kafaɗar Auta da ta kumbura.

"Ni ma da ina nan, da ni zan miƙa masa zaren," ya ce. Ya share fuska da tafin hannu. "Gobe da safe za mu kai shi wurin mai magani."

"Yaya, mu nemi wani gidan."

"Wane gidan? Labari ya riga mu zuwa ko'ina. Inna fa, a titi za ta kwana?"

Inna na ciki tana ninke rigunan Baba. Ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

Da hantsi suka isa. Inna ba ta zo ba, ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba. Gida ne mai doguwar katanga, da fili a tsakiya, da bishiya guda. Ƙarƙashin rumfar kwano an kafa turakun ƙarfe a jere. Kowane turke da mutum a gindinsa. Wani na waƙa, wani na barci, wani saurayi na ƙirga yatsunsa yana sakewa. Wurin na warin fitsari da hayaƙi.

Mai magani mutum ne mai taushin murya. Ya gaisa da su hannu biyu, ya ce kada su damu, ya ga waɗanda suka fi wannan. Ya ce a farko dole a ɗaure, don lafiyarsa da ta sauran. Ya ce kada a riƙa yawan zuwa, yana dawo da ciwo baya.

Baba ya zauna a tabarmar da aka nuna masa ba musu. Wani ƙato ya zo da zoben ƙarfe mai sarƙa, ya durƙusa, ya kama ƙafarsa. Yaya ya juya ya fita. Ta ƙofar da aka bari a buɗe Auta na hango shi, ya kifa goshi a jikin mota.

Aka danna kwaɗo. Baba ya sunkuya ya dubi abin da ke ƙafarsa. Ya bi gefen zoben da babban yatsa, a hankali, ya zagaye shi.

"Ba a goge wannan ba," ya ce wa ƙaton. "Dubi waldar. Zai ci fatar mutum. Ka kawo min shi rumfa in gyara maka, ba sai ka biya ba."

Ƙaton ya tashi ya tafi. Auta ya durƙusa. Ya cire safarsa, ya naɗe ta, ya cusa tsakanin ƙarfen da ƙashin idon sawu. Safar na zamewa, yana sake cusawa. Bai yarda ya ɗaga kai ba.

Ya ji hannu a kan ƙeyarsa, busasshe, mai ɗumi.

"Ya isa haka, ya zauna," in ji Baba.

Auta ya miƙe. Mai magani na tsaye a gefe yana jira ya raka shi ƙofa. A waje Yaya ya tayar da mota. Baba ya dubi inuwar bishiyar, ya dubi mutanen da ke jere a gindin turaku, ya karkaɗe rigarsa, ya dafa ƙasa zai tashi. Sarƙar ta miƙe ta tsaya.

"Auta, rana ta yi, Innarku na jira. Ba za mu tafi gida ba ne?"